Jiƙa wa kaji abinci har ya yi tsami

'Yar'uwa, kin tambaya ko yana da amfani a jiƙa wa kajin gida hatsi har ya yi tsami. Yana da shi, kuma ai kin riga kin iya, don kusan jiƙon gero ne irin na koko.

Ki zuba dawa, gero ko ɓarzajjiyar masara da dusa a bokitin roba, kada na ƙarfe, tsamin yana cin ƙarfe. Ruwa ya hau kansa da kamar yatsa uku. Nan ne mutane suka fi yin kuskure: hatsin yana shan ruwa ya kumbura, abin da ya leƙo waje kuwa shi ke yin fumfuna, sai ki riƙa ƙara ruwa kina motsawa kullum. Murfin a ɗora kawai, domin iska tana fita. Da bazara kwana 2 ya isa, da hunturu yakan kai 4. In kin ga kumfa kin ji ƙamshin tsami kamar na gasara, ya yi. In wari ne ko fumfuna, a zubar. Ni ko kaɗan ba na yarda a ba su, domin gubar fumfuna tana lalata hantar kaza.

Tsamin yana tausasa hatsin ya yi sauƙin narkewa, ga shi ba sa watsar da jiƙaƙƙen abinci. Ki tsame iya abin da za su cinye nan take, ki wanke mazubin. Amma hatsi kaɗai ba ya isar mai ƙwai, a haɗa mata da gasasshen waken suya da dakakken ɓawon ƙwai.