Mama tana karɓar kemo: mu bar ta ta yi tafiya ko mu kwantar da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata ce, shekararta 56, aka gano tana da sankarar ƙwan mace. An yi mata aiki wata biyu da suka wuce, yanzu ta karɓi kemo, wato maganin sankara da ake ba ta ta ƙarin ruwa, sau biyu, saura huɗu. Kullum a gajiye take. Ita tana so ta riƙa ɗan zagayawa a tsakar gida, amma Baba da yayyenta sun hana, wai kar ta ƙarar da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ko tsintsiya ba a bari ta taɓa. Wanne ne daidai? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ne. Ku bar ta ta tashi ta yi tafiyarta. Na san tausayi ne ya sa Baba hanawa, amma a wannan karon Mama ce a kan daidai.

Gajiyar kemo daban take da gajiyar wanda ya wuni yana aiki. Ita ta kemo, barci ba ya kore ta. Mace za ta wuni a kwance, ta tashi jiki ya fi na jiya nauyi. Abin da ke faruwa shi ne, ciwon da maganin duka suna cin naman jiki, musamman na cinyoyi, kwanciya kuma tana ƙara masa sauri. Naman ya ragu, tashi daga tabarma ya zama aiki, sai ta ƙara kwanciya, sai ya ƙara raguwa. Ga kuma taurin ciki da magungunan hana amai ke jawowa, ga haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda mata masu wannan ciwon sun fi yawancin masu sankara fuskantarsa. Rashin motsi yana ƙara duka biyun.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. A 2022 ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa sa marasa lafiya motsa jiki a lokacin da suke kan magani, don rage gajiya da riƙe ƙarfi. A jami'ar Yale ta Amurka kuma an gwada da mata 144 da suka gama maganin sankarar ƙwan mace: aka sa kusan rabinsu tafiya mai ɗan sauri har minti 150 a mako na wata shida. Waɗanda suka yi tafiyar sun fi sauran ƙarfin jiki, daga baya kuma aka ga mutuwar yatsu, wato rashin ji a yatsu, da maganin ke bari ta ragu a wurinsu. Motsa jiki ba ya maye gurbin kemo ko da zagaye ɗaya. Amfaninsa shi ne ta kai ƙarshen maganin da ƙafafunta.

Kada ku ce sai ta yi minti 150 daga farawa. Ta fara da minti biyar zuwa goma, sau biyu a rana, bayan Asuba da bayan La'asar in rana ta yi sanyi, da ruwan sha a kusa. Duk mako a ƙara kaɗan har ta kai rabin awa. Ma'aunin mai sauƙi ne: ki jera da ita kuna hira. In tana iya mayar miki da magana ba tare da haki ya yanke ta ba, daidai ne. Sau biyu a mako ta ƙara da zama da tashi daga kujera kamar sau goma, da ɗaga ƙaramar robar ruwa a kowane hannu.

Galibi ana ba masu wannan ciwo magungunan kemo biyu, carboplatin da paclitaxel, duk bayan sati uku, kuma jiki yana bin wannan zagayen. Kwana biyu zuwa huɗu bayan ƙarin ruwan, gaɓoɓi da ƙafafu kan yi ciwo. Ranakun nan ko daga ɗaki zuwa zaure ta je ta dawo, ya wadatar, kar dai ta wuni ba ta taka ba. A sati na biyu ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta sukan yi ƙasa, don haka tafiyar ta tsaya a gida ko layin da ba cunkoso, ban da kasuwa da gidan biki. Sati na uku ne takan ji dama-dama, nan za ta fi yin nisa.

Wurin da Baba yake da gaskiya shi ne ɗaukar nauyi. Cikin da aka yanka yana daɗewa bai koma daidai ba, kuma yunƙuri na iya sa hanji ya turo ta wurin ɗinkin. Daka, jan guga, ɗaukar bokitin ruwa ko goyon jika, duk su jira sai likitan da ya yi aikin ya ba da izini. Ita ma shara da gajeriyar tsintsiya a sunkuye, a ɗan dakata da ita.

Ki kula da ƙafafunta sosai. Paclitaxel kan kashe jin tafin ƙafa da yatsu, har silifa ya zame mata ba ta sani ba, ko ta taka ƙaya ba ta ji ba. A samo mata takalmi mai rufe ƙafa, a kawar da tabarmi da duwatsu daga hanyarta, wani ya kasance kusa. In kuma ta ce tana jin kamar tana taka auduga, ko allura na sukarta, ku faɗa wa likita kafin zagaye na gaba, domin yakan rage adadin maganin saboda haka.

Akwai ranakun da ba tafiya sam, sai asibiti nan take: zazzaɓin da ya kai digiri 38 na Celsius a ma'aunin zafin jiki, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, numfashi ya yi wuya ko ƙirji na ciwo, jiri mai neman kayar da ita, jini daga hanci ko dasashi, amai da ya ƙi tsayawa, ko ciki ya kumbura ya yi tauri. In gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa sosai, ku tambayi likita iyakar abin da za ta iya a makon.

Ranar ƙarin ruwa na uku, ku tafi da Baba. Ya tambayi likitan Mama da bakinsa, ya ji amsar da kunnensa. In ya amince, ki roƙe shi ya zama shi ne mai raka ta tafiyar bayan Asuba.