Amsa ga tambayar Malama kan koyar da aikin injiniya ba tare da ɗakin gwaji ba

Assalamu alaikum. Malama, kin tambayi yadda za ki koya wa 'yan ƙaramar sakandare tushen aikin injiniya alhali makarantarku ba ta da ɗakin gwaji, wutar lantarki kuma sai ta ga dama. Na daɗe ina koyarwa a irin wannan hali, kuma a ganina rashin kayan aiki ba shi ne babban cikas ba. Yaranmu sun iya ƙera motar gwangwani tun suna firamare, amma wannan kwaikwayo ne. Abin da ya kamata a ba su shi ne matsala mai sharuɗɗa, wadda za su zana mafitarta a takarda, su gina, su gwada, su auna, sannan su koma su gyara.

Ki fara da gada. Kowace ƙungiya ta samu karan dawa ashirin da zare, ta haɗa tebura biyu masu tazarar santimita 40, kuma kada kowa ya taɓa kara sai ya nuna zanensa. A rataya bokiti a tsakiyar gadar, a riƙa zuba yashi gwangwani-gwangwani ana ƙirgawa har ta karye. Da idonsu za su ga inda aka ɗaure karan a siffar murabba'i yana lanƙwashewa, alwatika kuwa tana riƙe siffarta.

Aikin da na fi amfana da shi shi ne tukunyar sanyaya kayan miya, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi, a rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana tsatsowa ta jikin babbar tukunyar, iska tana busar da shi, yana tafiya da zafin cikin, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Kada ki ba su cikakken tsarin. Ki bar wata ƙungiya ta ƙara kaurin yashi, wata ta ajiye tata a inuwa mai iska, wata a cikin aji, wata kuma ta riƙa jiƙa yashin sau biyu a rana. Kowace safiya da azahar su sa ma'aunin zafi su rubuta abin da suka gani, su kuma sa tumatir a cikin tukunyar, su ajiye ɗaya a waje domin kwatantawa. Ki tsara aikin da rani, domin da damina iska tana cike da laima, ruwan ba ya bushewa da sauri, sanyin kuma ba ya samuwa sosai.

Wajen ba da maki, littafin zane da awo ya fi abin da aka ƙera nauyi a wurina, domin idan kika ba kyan gani muhimmanci, wasu iyayen za su kai wa kafinta aikin. Ki kuma lura da rabon aiki cikin ƙungiya, saboda sau da yawa maza kan karɓe wuƙa da zare su bar 'yan mata da rubutu. Ki riƙa sauya musu aiki kowane mako.