Wuni guda a Istanbul: mu biya kuɗin bas da ɗan jagora, ko mu taka da ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗanmu da ke aiki a ƙasar waje ya biya mana tafiyar mako guda a jirgin ruwan yawon buɗe ido, ni da maigida. Jirgin zai tsaya a Istanbul ranar Lahadi, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma. Kamfanin yana sayar da tikitin zagaya gari a bas tare da ɗan jagora, amma kuɗin da zafi. Alhaji ya ce mu saya mu huta, ni kuwa ina ganin da ƙafa za mu fi ganin gari. Mun haura hamsin amma lafiyarmu ƙalau. Wanne ya fi?
Daga wata Hajiya, Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumussalam, Hajiya. Allah ya yi wa yaron nan albarka. A wannan karon ina bayanki, sai dai Alhaji ya yi haƙuri, amma da sharaɗi biyu: ku san inda za ku taka da inda za ku hau abin hawa, kuma agogon jirgi ya zama shi ne shugaban tafiyar.

Abin da ya sa na ce ku taka shi ne wurin da jirgin ke tsayawa. Tashar Galataport, wadda aka buɗe a 2021, tana cikin gari tsundum, a unguwar Karaköy. Daga nan zuwa dandalin Sultanahmet, inda manyan masallatai da fadar sarakunan Usmaniyya na Turkiyya suke, wajen kilomita 3 ne. Bas ɗin da za ku biya wa kuɗin nan cikin cunkoson motoci zai shiga, ya sauke ku inda da kanku za ku iya zuwa, sannan a riƙa kaɗa ku gaba kuna tsaka da kallo. Sai dai kada kilomita 3 ɗin ta ruɗe ku. Ba miƙe Ahmadu Bello Way ba ne da ƙasa take a shimfiɗe. Tsohon garin a kan tuddai yake, wasu titunan kuma daɓen duwatsu ne. Saboda haka ku hau da jirgin cikin gari, ku gangaro da ƙafa. Jirgin cikin garin, wato tiram, mai lamba T1 yana tsayawa a Tophane, dab da tashar jirgin ruwan, kuma tsayawa ta biyar ita ce Sultanahmet. Ana sayen katin shiga, Istanbulkart, a na'urorin da ke bakin tasha.

Da kun sauka, masallatai biyu na kallon juna. Na Sultan Ahmad, mai hasumiya shida, wanda aka fara ginawa a 1609, kyauta ake shiga. Aya Sofiya kuwa an gama gininta a 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a ƙarni na 20, sannan ta koma masallaci a 2020. Daga Janairun 2024 aka fara karɓar Yuro 25 daga baƙi masu zuwa kallo, ga layi kuma ba gajere ba.

A nan ne mutane ke ɓata wuninsu, wai sai sun shiga ko'ina. Ku zaɓi wuri ɗaya na biyan kuɗi, kuma da ni ce, fadar Topkapi, wato fadar sarakunan Usmaniyyar nan, zan zaɓa, in fara da ita tun da sanyin safiya kafin bas-bas su sauke jama'a. A cikinta akwai ɗakin kayan tarihi masu alfarma, da takubba da alkyabbar da ake jingina wa Manzon Allah (SAW), waɗanda yawancinsu suka iso Istanbul bayan da Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Ana karatun Alƙur'ani a ɗakin yayin da mutane ke wucewa. Wannan wuri ba na sauri ba ne, kuma shi ne babban dalilin da ya sa ba na son a ɗaure ku da jadawalin ɗan jagora. Ku ba fadar awa biyu ko uku, ku fito ku yi Azahar a masallacin Sultan Ahmad. Kun yi sa'a ma, ranar Talata ake rufe fadar, ba Lahadi ba.

Inda Lahadi ta cuce ku shi ne Babbar Kasuwa mai rufi, wadda ba ta buɗewa ranar. Kada ku wahalar da ƙafa zuwa can. Ku bi layin tiram ku gangara ta Gülhane da Sirkeci zuwa Eminönü, inda Kasuwar Masar take, ta kayan ƙamshi da busassun 'ya'yan itace da alewar lokum, ginin shekarun 1660. 'Yar Kaduna ba ta bukatar darasin taya kaya, sai dai ki leƙa shagunan titunan da ke gefen kasuwar tukuna, sau da yawa sun fi sauƙi. Ku ci burodi da gasasshen kifi a bakin ruwa, ku tsallaka gadar Galata cikin masu kamun kifi da fatsa, ku nufi jirgi. In wani mai gyaran takalmi ya yar da burushinsa a gabanku, ku wuce abinku. Tsohuwar dabara ce ta karɓar kuɗi.

Yanzu hujjar Alhaji, domin yana da ita. In bas ɗin kamfani ya makara, jirgi zai jira shi. In ku kuka makara, sai dai ku hango bayansa, kuɗin bin sa zuwa tasha ta gaba kuma daga aljihunku. Shida na yamma lokacin tashi ne; lokacin rufe ƙofa yana gabansa, galibi da rabin awa, kuma a rubuce yake a takardar da ake rabawa kullum. Ku sa a ranku 4:30 ta yi muku a bakin tasha, don ɗakin binciken fasfo na Galataport a ƙarƙashin ƙasa yake, da ɗan tafiya kafin a kai ga jirgi. Turkiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, don haka ku saita agogon hannu da na jirgi kafin ku sauka. Kuɗin bas ɗin kuma ku adana su don tashar da abin kallon ke nesa da ruwa, kamar Kuşadası in tana cikin jerinku, inda sai da mota ake kaiwa kufan tsohon birnin Afisa.

Kafin komai, ɗanku ya nemi amsar kamfanin a rubuce kan bizar da mai fasfon Najeriya ke bukata a kowace tasha. Takalmin tafiyar kuma, Hajiya, mai taushin tafi wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, mai sauƙin cirewa a ƙofar masallaci.

Tambaya: Malama, don wuni ɗaya tak a gari, in sayi layin waya na ƙasar ko in dogara da intanet ɗin jirgi?
Daga wani matashi, Barnawa.

Amsa: Ɗan'uwa, ko ɗaya ba dole ba ne. Intanet ɗin jirgi ba ya bin ka cikin gari, layin ƙasar kuma rajistarsa za ta ci maka lokaci da kuɗi. Tun kana gida ka sauke taswirar garin a Google Maps, ka sa alama a kan tashar jirgin. Taswirar na nuna inda kake ko babu data. Ka ɗauki hoton takardar jirgi mai ɗauke da lambar wakilinsu na tashar. Da zarar jirgi ya bar gaɓa ka kashe datar layinka na gida, domin a tsakiyar teku wayar na iya kama hanyar sadarwar jirgin ta tauraron ɗan'adam, wadda cajinta ke da tsada ƙwarai.