Filin Tambayoyin Masu Mota: Injin da Ya Rasa Ƙarfi Bayan An Buɗe Shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Camry ƙirar 2005 mai injin lita 2.4. Watanni biyu da suka wuce ta yi zafi a kan hanya har gasket ya ƙone, bakanike ya sauke kan injin, aka goge shi, aka mayar. Tun daga ranar motar ba ta koma daidai ba: tana karkarwa idan tana tsaye, ba ta jan hawa, tana shan mai, kuma fitilar gargaɗin inji ta kama. Da aka sa mata kwamfuta sai ta nuna P0016. An canja mini sensa ta kamshaf da fulogogi, amma babu abin da ya sauya, yanzu kuma ana cewa in sayi wani injin. Mece ce shawararku? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi inji, kada ma ka ƙara sayen komai, sai an buɗe murfin saman injin an duba taimin, wato daidaiton lokacin motsin fistin da buɗewar bawul, da ido. Abin da ka bayyana ya fi kama da sarƙar taimin da aka mayar ba a kan haƙorinta ba, kuma babbar hujjata ita ce lokacin da matsalar ta fara, wato ranar da aka haɗa injin.

Fistin yana hawa da sauka ne a kan karanshaf, su kuma bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi kamshaf ne yake buɗe su. Karanshaf yana zagayawa sau 2 kafin kamshaf ya zagaya sau 1, kuma sarƙa ko bel ne yake riƙe wannan lissafi. Idan giyar kamshaf tana da haƙora 40, alal misali, kuskuren haƙori ɗaya digiri 9 ne a kamshaf, wanda yake daidai da digiri 18 a karanshaf. Da irin wannan kuskure inji yakan tashi, ya yi tafiya, shi ya sa ake ruɗewa, amma bawul yana buɗewa da wuri ko a makare, matsin da ke cikin silinda ya ragu, man da ya kamata ya zama ƙarfi ya tafi a banza.

Lambar P0016 ba ta nufin sensa ta lalace. Ma'anarta ita ce kwamfutar motar ta gwada saƙon da take samu daga sensar karanshaf da wanda take samu daga sensar kamshaf, ta ga ba su yi daidai da juna ba. Da wayar sensar ce ta katse ko ita kanta ta mutu, lambar da aka fi gani ita ce P0340. Abin yana ba ni takaici yadda ake yawan ɗora wa sensa laifi alhali gaskiya ta faɗa, mai mota kuma ya biya kuɗin abin da lafiyarsa ƙalau.

Binciken ba shi da tsada. Injin motarka shi ne 2AZ-FE, sarƙa yake amfani da ita, kuma kamshaf 2 gare shi. Bakanike zai cire fulogogi da murfin sama, ya juya karanshaf da sifana ta hanyar da agogo yake juyawa, har tsagar da ke jikin fulin ƙasa, wato faifan da ke bakin karanshaf, ta tsaya a kan alamar 0 da ke jikin murfin taimin. A nan fistin na 1 yana can ƙololuwa. Sai ya dubi alamomin da ke jikin giyoyin kamshaf biyu, waɗanda dole su fuskanci alamomin da ke kan maɗaurin kamshaf na gaba. Idan ya ga sun juya baya gaba ɗaya, ba kuskure ba ne, zagaye ɗaya zai ƙara wa karanshaf ya sake dubawa. Idan kuwa ɗaya ta dace ɗaya ta kauce kaɗan, ko duka sun kauce, to an gano cutar. Yana da kyau kuma a zura dogon ƙarfe mai tsabta ta ramin fulogi na 1 don a tabbatar fistin yana sama da gaske, domin fulin ƙasa yana da roba a tsakiyarsa, idan ta tsufa zoben waje yakan zame, alamar ta yi ƙarya.

Akwai wurare biyu da na ga ana yawan tuntuɓe a wannan injin. Na farko shi ne ƙwayoyin sarƙa masu launi. An yi su ne don ranar ɗaura sarƙa, a dace su da alamomin giyoyi, amma da zarar injin ya juya ba sa komawa kan alamomin sai bayan zagaye masu yawa, saboda haka wanda ya buɗe murfi ya ga ba su dace ba, bai kamata ya yanke hukunci da wannan ba. Na biyu, kuma wanda nake zargi a motarka, shi ne tenshina, abin da yake ɗame sarƙar. Ana saka shi ne a maƙale da ɗan ƙugiya, bayan an ɗaure shi sai a ɗan juya karanshaf baya kaɗan ƙugiyar ta saki, sannan a juya gaba a ga ya tura sarƙar ta yi tauri. Idan aka manta da wannan aka tayar da inji, sarƙar tana sako-sako, tsallake haƙori ba ya yi mata wuya.

Idan an duba an ga alamomi daidai suke, sai a koma kan VVT-i, tsarin da yake gusar da kamshaf ɗin shigar iska gaba ko baya da matsin baƙin mai. Yana da bawul mai aiki da lantarki da ɗan rariya a jikin kan injin, kuma injin da ya yi zafi har ruwa ya gauraya da mai yakan bar datti da zai toshe su. A wanke su, a juye man, a zuba 5W-30 da kamfanin ya tanada wa wannan injin. Gugar da aka yi wa kan injin ita ma tana ɗan jinkirta taimin, tunda ta rage tazara tsakanin kamshaf da karanshaf, amma guga ta ƙa'ida ba ta isa ta jawo duk abin da ka lissafa ba.

Bayan an gyara, ka tsaya a kan abu ɗaya: kafin a murza makulli, a juya injin da hannu zagaye 2 cikakku a sake duba alamomi. Idan ya cije a wani wuri, kada a tilasta shi, domin yana iya zama fistin ne ya taɓa bawul. Sannan a auna matsin kowace silinda. Idan duka 4 sun zo kusa da juna, injinka lafiya yake. Idan ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, wataƙila bawul ya lanƙwashe, kuma wannan ma aikin kan inji ne, bai kai ga sayen sabo ba.

Tambaya: Honda Accord ɗina ƙirar 2001 mai lita 2.3 ta mutu ina cikin tafiya, aka ce bel ɗin taimin ne ya tsinke. Zan iya sa sabon bel in ci gaba da hawa? Daga wata mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Hajiya, da farko kada a ƙara yi mata sitata. A wannan injin bawul da fistin suna ratsa wuri ɗaya a lokuta daban-daban, bel ne kaɗai yake hana su haɗuwa, don haka idan ya tsinke ana tafiya, sau da yawa fistin yakan doki bawul ɗin da suka tsaya a buɗe. A sa sabon bel a kan alamominsa, a juya da hannu, a auna matsi, sakamakon ne zai nuna ko sai an sauke kan injin. Tunda an riga an buɗe wurin, a canja famfon ruwa da tenshina da ƙaramin bel na biyu da yake juya sandunan rage karkarwa, domin idan wannan ƙaramin ya tsinke yakan shiga ƙarƙashin babban ya ɓata aikin duka. Honda ta ƙayyade mil 105,000 ko shekara 7 don canja bel ɗin, amma ta rage zuwa mil 60,000 ga motar da take yawan aiki a zafin da ya haura digiri 43, kuma a Sakkwato cikin watan Afrilu zafi yana kaiwa nan. Ranar da aka canja, ki sa a rubuta kwanan wata da lambar mita a jikin murfin taimin.