Ba mu rubuta takarda ba, zan iya korar shi?

Tambaya: Barista ina da gidan burodi a Kano, ma'aikata 7. Yaron da ke karɓar kuɗi shekara 3 muna tare, yanzu kullum sai lissafi ya yi giɓi. Na ce zan sallame shi, shi kuma wai zai kai ni kotu. Wani abokina ya ce kar in damu tunda ba takarda tsakaninmu. Wallahi ko barci na kasa, haka ne?

Amsa: Alhaji kwantar da hankalinka, amma wannan abokin naka kai ka zai yi ya baro ka. Maganar "ai ba takarda" ɗin nan kullum sai na ji ta a ofis, har na gaji. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta yarda da yarjejeniyar baka, in dai yaron yana zuwa da asuba, kana tura masa albashi ta banki duk ƙarshen wata, to ma'aikacinka ne, alat ɗin da ke wayarsa ma ya ishe shi hujja. Kuma sashe na 7 kai ya ɗora wa nauyin ba shi sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata 3 da fara aiki, wato rashin takardar laifinka ne ba nashi ba, amma sai ka ga mutum yana zaune a majalisa yana tinƙaho da abin da zai kayar da shi gaban alƙali.

Mai shekara 3, sashe na 11 ya ce notis na mako 2 a rubuce, ko ka biya shi kuɗin makon 2 ɗin, haɗe da duk albashin da yake bin ka. In kuma sata kake zargi, ana iya kora nan take, amma sai ka ba shi takardar tuhuma ya kare kansa a rubuce, ka ajiye littafin ciniki. Kotun ƙwadago ta ƙasa, wadda tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ke da hurumin irin wannan shari'a, yanzu takan tambayi dalilin kora, kuma tana zama a Kano.

Don Allah kar ka riƙe albashinsa wai kana cike giɓi, kar kuma ka ce masa ɓarawo gaban kwastomomi. Sauran 6 ɗin ma a rubuta musu takarda wannan satin.