Minsharin maigida da hazon idonsa, akwai alaƙa?

TAMBAYA: Salam likita, ni matar aure ce daga Tudun Wada Zariya, maigidana shekara 9 kenan yana fama da ciwon suga, kuma wallahi minsharinsa har tsakar gida ana ji, sai numfashin ya ɗauke ɗif in zungure shi ya zabura kamar wanda aka shaƙe, da rana kuwa ko a shago gyangyaɗi yake. Yanzu yana cewa hazo-hazo yake gani, sau biyu yana sayo tabarau a kasuwar Sabon Gari bai ga canji ba. Wata ta ce min wai minsharin na iya taɓa ido, da gaske ne?

AMSA: Wa alaikissalam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya ta faɗa miki, kuma na ji daɗin sa idon da kike yi, don shi bai ma san yana yi ba.

Wannan da kika bayyana ya wuce minshari, alamar ɗaukewar numfashi cikin barci ce. Naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye, wani sai ya yi haka sama da sau 30 a awa ɗaya, kuma duk toshewa iskar oksijin ta ragu a jini, hawan jini ya tashi, suga ya ƙi saituwa ko ana shan magani. To bayan ido akwai wani tantani da ake kira retina, shi ke ɗaukar hoton abin da muke gani, jijiyoyin jininsa sirara ne ƙwarai, dama suga ya riga ya raunana su suna yoyo, sai kuma ga ƙarancin iska kowane dare, ido ya shiga tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari masu saurin fashewa, tsakiyar tantanin ta kumbura. Shi ya sa ake yawan samun lalacewar ido ga masu suga da ke da wannan matsalar barcin. Tabarau ba ya gyara wannan, kuma abin da ya fi damuna shi ne ciwon ba ya zafi, mutum na zaune ganinsa na zarewa.

Don Allah kar a kai wata guda, ku je sashen ido na asibitin koyarwa na Shika ko cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna, a ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido a leƙa bayan idon, ganin zai ɗan dushe na wasu awanni saboda haka kar ya tuƙa mota ko mashin ranar. In an kama da wuri akwai allurar ido akwai aikin leza, wato magani da haske mai ƙarfi. Duk mai suga ya kamata a yi masa wannan dubawar duk shekara.

Sannan ki ɗauke shi bidiyo a waya yana barci, da saninsa fa, ki nuna wa likitan sugansa a tura shi gwajin barci. In gwajin ya tabbatar da matsalar, akwai na'urar da ake kira CPAP mai hura iska ta hanci lokacin barci don kar hanyar iska ta toshe. Kafin nan ya daina kwanciya rigingine, in akwai teɓa a rage, kuma ya guji maganin barci sai da izinin likita.