Amsa ga 'yar'uwar da za ta tashi daga Idi-Araba zuwa Ikorodu

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na ga tambayarki cewa nan da mako biyu za ku bar Idi-Araba ku koma Ikorodu, duk a Legas, kin rasa ta inda za ki fara haɗa kaya, ga yara ƙanana, ga tsoron kada kayan fashi su lalace a hanya. Da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin hanyar nan na bi shekara uku da suka wuce lokacin da muka bar Agege, kuma har yau akwai abin da ban daina jin zafinsa ba.

Mu a watan Yuni muka tashi, ruwa yana tsakiyar zuba, saboda wa'adin hayarmu ya cika. Baban yara ya yi ciniki da wani direba ta waya, ya tura masa kafin alƙalami, mutumin ya rantse cewa motarsa rufaffiya ce kuma ƙarfe shida na safe zai iso. Bai zo ba sai bayan azahar, da buɗaɗɗiyar mota da wani tsohon tamfol duk huji. Na ce a fasa, amma mun riga mun kwance gadaje, mun fito da komai tsakar gida, babu inda yara za su kwana, dole muka loda. Muna isa Ketu hadari ya haɗo, ruwa ya kece, ga cunkoso ya tsayar da mu har Mile 12. Ina cikin tasi a bayansu da jaririya a cinya, ina kallon kwalayen da na kwana uku ina ɗaurewa suna jiƙewa suna lotsawa, babu abin da zan iya yi sai kuka da salati.

A ɗaya daga cikin kwalayen nan akwai hotunan aurena, da takardun haihuwar yara, da littattafan addini na mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, waɗanda ta yi rubutu da hannunta a gefen shafukansu. Takardun haihuwa an sake yin wasu, amma rubutun hannun Inna ya tafi ke nan, tawadar ta narke, shafukan sun manne da juna. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da muka isa bayan isha'i, mutumin nan ya ce ba za a sauke ko tsinke ba sai an ƙara masa kuɗi, wai ya ɓata yini a hanya. Na nuna masa littattafan suna ɗigar ruwa, ya dube ni ya ce ai ba shi ya saukar da ruwan ba. Ko sannu bai ce mini ba. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Saboda haka, don Allah, duk abin da kuɗi ba zai iya mayar miki da shi ba, kada ki bari ya hau motar kaya. Takardun makaranta, fasfo, takardar hayar sabon gida da rasit ɗinta, gwal ɗinki, hotuna da magungunan yara, ki sa su a leda biyu ki ƙulle, ki saka a jakar da za ta zauna a jikinki. Kuma maigidanki ya je da ƙafarsa ya ga motar kafin ya ba da ko sisi, a yi magana a fili a kan kuɗin 'yan dako da na 'yan agbero waɗanda kan tare mota wajen lodi ko saukewa, a san wanda zai biya.

Game da kayan fashi da kika tambaya, ni ban yi asarar faranti ko ɗaya ba, domin da zannuwa da tawul da kayan yara na naɗe tangaran ɗaya bayan ɗaya, na jera su a tsaye cikin manyan tukwane da robobin wanka, na cusa tsumma a duk inda ya rage fili. Kwali a Legas ba abin dogaro ba ne da damina. Tufafi ki zuba su a leda sannan ki sa a buhun Ghana-must-go. Idan za ki nemi kwalaye a kasuwa, ki tuna ba a buɗewa da sassafe ranar Alhamis saboda shara. Ki rubuta a jikin kowane ƙunshi abin da ke ciki da ɗakin da za a kai shi, ki kuma ƙirga su a gaban direba.

Firij ki kashe shi tun ana gobe ƙanƙara ta narke, a ɗauke shi a tsaye, in an isa a bar shi wasu awoyi kafin a jona. A juye man janareto, a cire kan tukunyar gas a rufe ta sosai. Idan kafinta ya kwance gado da sif, ki karɓi notocin da kanki ki ɗaure su a leda, ki manna a jikin katakonsu, domin mu mun yi mako guda a kan katifa a ƙasa saboda notocin da suka ɓace.

Wani abin da ba ki tambaya ba, amma ya dame ni: ki je sabon gidan bayan an yi ruwa mai ƙarfi ki ga yadda layin yake, domin akwai unguwannin Ikorodu da ruwa ke kwanciya. Ki sa a yi feshin kyankyaso da kuɗin cizo tun ɗakunan suna fayau, ki duba ko akwai bashi a mitar wuta da kuɗin shara. Ranar tashi kuma ki kai yara gidan wata 'yar'uwa, ki ware jaka ɗaya mai ɗauke da buta, darduma, gidan sauro, tocila, cajar waya, zanin gado da abin da za ku ci a daren farko, domin ba za ki sami ƙarfin buɗe ko ƙulli ɗaya ba.

Ku yi ƙoƙari motar ta bar Idi-Araba da an idar da sallar asuba, kafin titin Ikorodu ya cushe. Allah ya sa ku shiga a sa'a, ya haɗa ki da maƙwabta nagari.